Gwangwani Huɗu da Tsumma Ɗaya

Robobi goma sha ɗaya ne a jikin motar. Maman 'Yan Biyu ta bi su da yatsa tun kafin ta ɗauki sukundireba: bambar gaba, bambar baya, dogayen robobin gefen ƙofa huɗu, murafan madubi biyu, wadda ke ƙasan gilashin gaba, sai biyun da ke saman tayoyin baya. Duk sun koɗe sun koma ruwan toka, kamar bokitin da aka manta a rana. A kan waɗannan robobi ne gurbin mijinta a layin otal yake shirin suɓuce musu.

Ƙirge shi ne sana'arta ta farko. Tana budurwa ta samu aiki a ɗakin wankin wannan otal ɗin, can ƙasa bayan kicin, inda take karɓar zannuwan gado da tawul da rigunan filo, ta ƙirga shigarsu ta ƙirga fitarsu. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma daidai da ƙasan titi take, ba a ganin komai ta cikinta sai tayoyi da bambobin motocin haya goma sha biyu da ke layi a ƙofar otal suna jiran baƙi. A cikinsu akwai wata da kullum robobinta baƙi wuluk, kamar yau aka fito da ita daga kamfani. Ta san motar tun kafin ta san mai ita.

Tsaf-Tsaf suke ce masa a layi, don ko ganye ne ya faɗo kan motarsa sai ya tashi ya ɗauke. Wata rana ya gangaro ɗakin wanki yana roƙon tsohon tawul da zai yi tsumma. Ta ce masa tawul ɗin otal ko ya yage a ƙirge yake. Ya dawo washegari, ta sake korarsa. Haka ya yi ta sintiri har aka yar da wani tawul, ta yanka masa rabi. Daga baya, in tana tsokanarsa a gaban 'ya'yansu mata biyu, sai ta ce ubansu tsumma ya zo nema, ita gyara aka ba shi.

Da ta haifi tagwayen sai ta bar otal ta kafa teburin guga a gida, tana karɓar kayan ma'aikatan unguwa. Riga arba'in take gogewa kafin rana ta take tsaka, kuma ba ta taɓa haɗa wandon wani da na wani ba. Shi kuwa kowace safiya, tana hura gawayin dutsen guga, sai ya fita tsakar gida da tsummansa ya zagaye motar. Ba ta taɓa leƙawa ba, ta ɗauka ƙura yake gogewa. Sau biyu ya sauya mota a zamansu, al'adar ba ta sauya ba. A ranakun hutu ya koya mata tuƙi a filin bayan makaranta har ta karɓi lasi, kuma har yau tana nan a kan bakanta cewa ta fi shi iya ribas.

A gindin bambar gaba ya faɗi. Ta fito da kwandon kaya ta same shi a kwance, tsumman na hannunsa. Likitoci suka ce hawan jini ne. Ɓarin damansa ya shanye, harshe ya yi nauyi, maganarsa ta koma gurnani da nuni. Tagwayen na makarantar koyon jinya a wani gari, ta hana su dawowa. Motar kuwa ta zauna a tsakar gida wata da watanni, ba mai kallonta, sai dai ta tayar da ita jefi-jefi don kada batir ya mutu.

Ranar Alhamis Ciyaman ɗin layi ya zo duba mara lafiya. Babban mutum ne mai son fararen kaya. Ya zauna a falo ya sha ruwa, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi magani ya tambayi yara, sannan ya sauke abin da ya kawo shi. An yi sabon manaja a otal, ya ce motoci sha biyu sun yi yawa a ƙofa, goma yake so. Ranar Litinin da safe zai fito ya duba su da idonsa. Dokar layi ita ce gurbin mutum nasa ne ko na wani ɗan gidansa, muddin motar ta bayyana. Ya dubi hoton tagwayen a bango, ya ce da akwai namiji a gidan da abin ya zo da sauƙi.

"Ni zan ja," in ji ta.

Ya fara dariya, ya ga ba ta taya shi ba, ya mayar da ita tari. Suka fita tsakar gida ya zagaye motar. Inji lafiya, fentin jiki lafiya, kujeru kamar ba a taɓa zama a kai ba. Ya tsaya a kan bamba ya girgiza kai.

"Maman 'Yan Biyu, manajan nan ba ya buɗe inji, ido kawai gare shi. In ya ga wannan furfurar, ko ni ba ni da bakin magana."

Kafin ya kai bakin titi ta riga ta ɗauki jaka. A shagon fenti ta yi tambayoyi har mai shagon ya ajiye abincinsa. Ya ce baƙin fenti na fesawa iri biyu ne, na ƙarfe da na roba, kuma na ƙarfe in aka sa wa roba ɓarewa yake yi. Na roba gwangwani huɗu suka rage masa, sabon kaya sai wani mako. Ya koya mata: ta kwance robobin, ta wanke, ta ɗan bi su da samfefa mai laushi, takardar nan ta goge katako, ta girgiza gwangwani sosai, ta tsaya nesa kamar tsawon tafin hannu, ta fesa shafe uku marasa kauri, tana bari kowane ya sha iska. A tsaye ta yi lissafin. Gwangwani ɗaya bambar gaba, ɗaya ta baya, ɗaya robobin ƙofa, ɗaya ƙananan. Cif-cif, ba ragi ba ƙari. Ta kwashe duka huɗun.

Juma'a a kwance-kwance ta ƙare. 'Yan maƙalan da ke riƙe robobin sun tsufa, uku suka karye a hannunta, ta zuba sauran ashirin da shida a kofin shayi ta ɗora a kan taga. Ta wanke robobin da garin sabulu kamar yadda take wanke bokiti, ta bi su da samfefa. Kayan guga na mutane suka taru a kwando, ba ta ko kalle su ba.

Asabar da safe ta shimfiɗa tsofaffin jaridu, ta jera bulo, ta ɗora robobin. Ta leƙa ta katanga ta roƙi maƙwabciyarta ta kwashe shanyarta, matar ta kwashe tana mita, wai yanzu kuma gareji aka buɗe musu a unguwa. Ta fito da Tsaf-Tsaf ta zaunar da shi a kujerarsa ta bakin ƙofa don ya sha iska. Tana fara girgiza gwangwanin ya soma buga hannun kujera da hagunsa. Ya yi gurnani, ya nuna 'yar rumfar da yake ajiye tarkacensa, ya nuna bamba, ya sake nuna rumfar. Ta ɗauka ganin motarsa a kwakkwance ne ya tayar masa da hankali.

"Maigida, ka kwantar da hankalinka, zan mayar maka da ita yadda take," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Shafen farko ya sauka a kan bambar gaba baƙi mai kyau. Ta ja baya tana murmushi. Tana kallo fentin ya fara motsi, ya tattare wuri-wuri, ya buɗe 'yan idanu masu launin toka, kamar ruwan da aka zuba a faranti mai maiƙo. Ta fara ƙirga idanun, ta kai sittin ta daina.

A nan ne halinta ya cuce ta. Mace ce da ba ta san tsayawa ba, in abu ya ƙi, ƙara masa hannu take yi. Ta ce ai shafen ne ya yi sirara, ta matso kusa ta danna da ƙarfi don ta rufe idanun. Suka rufe, suka sake buɗewa, fentin ya fara zuba yana ɗiga a jarida. Ta ce to wataƙila wannan bambar ce mai taurin kai, ta koma ta baya. Ita ma haka. Ta gwada na saman tayoyi, ta gwada murfin madubi ɗaya. Duk wannan lokaci kujerar na ta bugawa a bayanta. Sai da gwangwani na uku ya yi tari ya tofar da iska zalla sannan ta tsaya. Uku sun tafi, ko roba ɗaya ba ta yi kyau ba, waɗanda ta fesa sun yamutse kamar fatar tsohuwar jaka.

Ta naɗe murfin madubin a leda ta nufi shagon, ta tarar yana jan ƙofa zai rufe. Ya kankare fentin da farce ya ga ya taso kamar ɓawo, ya murza robar da babban yatsa, ya kai hanci.

"Madam, wannan robar ta sha mai, kuma ba shan jiya ba ne. Wa yake shafa mata?"

Ta ce ba kowa. Ya ce to aljanu ne, don roba ba ta haifar mai da kanta. Ya ce sabulun wanki ba ya fitar da irin wannan, sai ruwan zafi da sabulun wanke-wanke da buroshi, a yi ta yi har in an zuba ruwa ya kwanta shimfiɗe bai dunƙule ba. Ya ba ta tina, ruwan da masu fenti ke tsinka fenti da shi, ta cire wanda ya lalace, ya gargaɗe ta kada ta bari ya daɗe a kan roba don yana cin ta. Ta tambaye shi ko akwai wani gwangwanin da ya ɓuya a lungu. Babu. Ko wani shago? Ya ce duk a wurinsa suke sari, kuma gobe Lahadi kowa a rufe yake.

Da ta dawo ba ta shiga ɗaki ba, rumfar ta nufa kai tsaye. Bayan tsohuwar taya ta ga wata gorar ruwa da wani abu baƙi mai kauri a ciki, da tsumma a naɗe a wuyanta, ya yi tauri don maiƙo. Ta buɗe ta shinshina. Akwai warin baƙin mai, akwai wani abu mai ƙamshi-ƙamshi da ba ta gane ba. Ta fito da su ta tsaya a gabansa.

"Ashe motarka ta daɗe da furfura, kai ne kake mata rini kowace safiya. Ni ma da wannan ka yaudare ni ta taga."

Rabin fuskarsa mai motsi ya yi dariya, ɗaya idon na zubar da ruwa. Ta so ta yi masa faɗa, ta tuna tun safe yake buga kujera yana nuna mata wurin. Ta zauna a kan bulo ta rufe fuska da hannayen da suka yi baƙi. Abin da ke cin ta ba fentin ba ne. In gurbin nan ya tafi ba ya dawowa, akwai masu jiran layin otal tun tagwaye na goye. Kuma ta lura tun da ya kwanta, ba abin da ke sa shi ya ɗago kai kamar a ce masa 'yan layi na gaishe shi, suna nan suna riƙe masa wurinsa.

Lahadi tun da sassafe tukunyar ruwa ke kan wuta. Ta kankare, ta goge da tina, ta wanke, ta zuba ruwa ta duba. Ya dunƙule. Ta sake wankewa. Ƙananan robobin suka fara sallamawa a wanki na biyar. Bambobin kuwa in ta wanke su suka yi fes, tana ajiye su a rana sai su yi gumin mai, ya tsattsafo daga cikin robar kamar ba ta taɓa su ba. Fatar yatsunta ta tsage, sabulu na shiga yana cizo. Garin sauri ta bar tina ya kwanta a kusurwar bambar baya, wurin ya yi fari ya yi kaushi, faɗin tafin hannu biyu. Wani ma'aikacin banki ya aiko a karɓar masa rigunansa na Litinin, ta ce a ba shi haƙuri, karo na farko tun da ta kafa tebur.

Da rana ta karkata ta tsaya ta yi lissafi. Gwangwani ɗaya. Robobin da ruwa ya kwanta a kansu shida: na ƙofa huɗu da murafan madubi. Wannan karon ta yi yadda aka ce, tafin hannu ɗaya nesa, hannu na tafiya ba tsayawa, shafe siriri, ta jira, ta sake. Fentin ya kwanta lumui, ko ido ɗaya bai buɗe ba. A shafe na uku, kan murfin madubi na ƙarshe, gwangwanin ya ƙare. Ta girgiza shi, ba abin da ke amsawa sai 'yar ƙwallon da ke ciki.

Litinin da safe ta mayar da komai jikin motar, inda maƙalai suka karye ta ɗaure da waya ta ciki. Ta ja baya ta duba. Da duk toka ne, ido na iya wucewa. Yanzu ga shida baƙi sabo fil, ga biyar fari-fari da zanen samfefa, kamar mutum ya sa sabuwar riga a kan yagaggen wando. Ta shiga ɗaki don ta sauya kaya, ta zauna a bakin gado riƙe da mukulli, ta kasa tashi.

Ƙarar jan kujera ta ji. Ta fito ta same shi ya dafa bango ya dafa mota har ya kai gindin bambar gaba, daidai inda ya faɗi, ya zame ya zauna a ƙasa. Gorar na tsakanin gwiwoyinsa, yana ta fama da murfin da hannu ɗaya.

"Maigida, in ka shafa wannan, wankin da na yi jiya ya tashi a banza. Ko kaya sun zo, fenti ba zai sake kama ta ba."

Ya dube ta, ya miƙo mata gorar. Ta tsaya riƙe da ita, yatsunta na zogi. Sannan ta durƙusa ta buɗe, ta ɗiga masa a tsumma.

Da hagu ya yi, a hankali, yana zagaya tsumman ƙanana-ƙanana, ya bar wurin ya sha, ya juya busasshen gefen ya bi. Inda ya wuce robar ta koma baƙi wuluk, irin wanda ta saba gani ta taga. Bai kai rabin bambar ba numfashinsa ya fara sama-sama. Ya kama hannunta ya ɗora a kan tsumman, ya juya mata shi sau biyu don ta ji nauyin da ake sawa, ya sake ta. Ita ta ƙarasa biyar ɗin. Kusurwar da tina ya ci ce kawai ta ƙi, ta sha mai ta yi duhu, amma kaushin na nan.

A ƙofar otal ta tarar da motoci goma sha ɗaya an jera, an bar mata wuri. Ta shiga da ribas bugu ɗaya. Wani direba mai tumbi ya tambaye ta ina ta baro dutsen guga, ta ce yana cikin but ɗin motar, in ya cire rigar nan tasa yanzu za ta taimaka masa. Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba, don kowa ya san biyu za su koma gida yau.

Manajan ya fito, hannu a baya, Ciyaman na biye da shi cikin fararen kayansa. Bai taɓa mota ko ɗaya ba. Ya kalli motarta ta gaba, ya kalle ta, ya tambayi lasi ta nuna. Ya bi gefen ƙofa yana gyaɗa kai. Da ya doshi baya sai ta ga Ciyaman ya riga shi, ya jingina da kusurwar da tina ya ci yana ba shi labarin shekarun da motar ta yi tana ɗaukar baƙin otal ba a taɓa kawo ƙararta ba. Bai matsa ba har manajan ya wuce mota ta gaba.

An sallami biyu, ba ta ciki. Amma an mayar da ita ta goma, ƙarshen layi, kuma gwaji ne zuwa ƙarshen wata, don manajan ya ce bai taɓa ganin mace a layin otal ba, zai riƙa dubawa kowace safiya daga kan matakala. Ciyaman ne ya kawo mata saƙon. Yana juyawa ta ga baƙin tambari shimfiɗe a bayan farin wandonsa. Ta gaya masa. Ya waiga ya duba, ya shafa ya kai hanci.

"Ki gaishe da Tsaf-Tsaf, ki ce na ga hannunsa. Wandon kuma gobe zan aiko miki, wanki da guga, ba ruwana."

Har rana ta take ba a kai kanta ba, baƙi uku kacal suka fito. Tana zaune ta ga gefen bambar gaba ya fara komawa toka inda rana ta fi duka. Ta buɗe but ta ɗauko tsumman, ta durƙusa kamar mai duba taya. Daga nan ƙasa tana hango tagar ɗakin wanki, da hannun wata yana ninke tawul. Ta ɗaga gorar ta auna da yatsu. Saura yatsa uku. Baƙin mai ta sani, amma ɗayan abin mai ƙamshi, da yawan da ake zubawa, yana bakin mutumin da ba ya iya faɗa. Ta fara jero abin da ke rumfar a ranta: gwangwanaye bakwai, kwalabe huɗu, wata 'yar roba mara murfi. In ta koma za ta jera masa su a gaban kujera, ta riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan karon in ya buga za ta juyo.

Mai gadin ƙofa ya ɗaga hannu, motar da ke gabanta ta motsa. Ta cusa tsumman a but, ta goge yatsunta a jarida, ta matsa gaba.